Kafin Mu Ce "Don Haka"

Da yawa daga cikin masu karatunmu ba za su manta da daren Alhamis, 7 ga Agusta 2014, wayewar Jumma'a ba. Tun tsakar dare wayoyi suka dinga ƙara. Gwaggo ta kira daga ƙauye, kawu ya kira daga birni, saƙon kuwa ɗaya ne: a tashi a dafa ruwa, a zuba gishiri, a yi wanka kafin gari ya waye, a kuma sha, wai shi ne rigakafin cutar Ebola. A unguwarmu, kafin asuba hayaƙi ya tashi a kusan kowane gida. Aka ta da yara daga barci, suna kuka ana zuba musu ruwa. Ba za mu ɓoye muku ba, har cikinmu malamai, da muke koya wa 'ya'yanku kimiyya da rana, akwai waɗanda suka hura wuta a daren nan.

Da gari ya waye, hukumomin lafiya suka fito suka ce maganar ba ta da tushe. Bayan 'yan kwanaki Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa aƙalla mutum 2 sun mutu a Nijeriya saboda shan ruwan gishirin, waɗansu kuma sai da aka kwantar da su a asibiti. Gishiri mai yawa haɗari ne ga kowa, balle mai hawan jini.

Abin da ya sa muka tuno da wannan dare shi ne maganar da wata uwa ta yi mana bayan watanni, sa'ad da ta zo biyan kuɗin makaranta. Ta ce, "Malam, ku faɗi abin da za ku faɗa. Mu dai mun yi wankan, ga shi kuwa ba wanda ya kamu a gidanmu." Ba ta yi ƙarya ba. Sun yi wankan, ba kuwa wanda ya kamu. Amma maƙwabtanta da suka yi barcinsu har safe, su ma ba su kamu ba. A ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 170 a lokacin, mutum 20 ne cutar ta kama, 8 suka rasu, a Legas da Fatakwal. Abin da ya tsai da ita shi ne aikin ma'aikatan lafiya, waɗanda suka bi sawun mutum kusan 900 da suka cuɗanya da masu ciwon, suna duba kowannensu har kwana 21. Ranar 20 ga Oktoba 2014 aka sanar cewa cutar ta ƙare a ƙasar.

To, ina kuskuren wannan uwa yake? Yana cikin 'yar kalmar da ba ta furta ba, amma tana cikin zuciyarta, wato "don haka". Mun yi wanka, ba mu kamu ba, don haka wankan ne ya tsare mu.

Turke, Akuya da Igiya

Duk wanda ya kawo hujja, abu uku ya kawo. Akwai dalili, akwai maganar da yake so a yarda da ita, akwai kuma abin da ya ɗaure su wuri ɗaya. Mukan kwatanta wa 'yan aji da turke, da akuya, da igiya. Turke yana iya kafuwa sosai, akuya kuma tana nan da ranta, amma in igiyar ruɓaɓɓiya ce, da safe sai a tarar da akuya a gonar mutane. Yawancinmu mun iya duba turke. Mukan tambaya, "Da gaske abin ya faru?" Amma ba safai mukan ja igiyar mu ji ƙarfinta ba.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Wani malami na ƙasar Girka mai suna Aristotal, wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa 322 kafin haihuwar Almasihu, ya lura da yadda masu iya baki suke ka da mutane a muhawara da hujjojin da suke kama da gaskiya, har ya jera iri 13 a cikin wani littafi. Ba za mu bi jerinsa ba. Za mu ɗauki waɗanda muke cin karo da su a tsakar gida, da kasuwa, da taron dangi, gama a can ne suke cinye mana kuɗi, da zumunci, wani lokaci har da rai.

Ya Biyo Bayansa, Ba Shi Ya Jawo Shi Ba

Zakara yakan yi cara, gari kuma ya waye, amma ba wanda ya taɓa yanka zakaransa ya ga dare ya ƙi ƙarewa. A kan zakara dukanmu mun gane. A kan 'ya'yanmu ne mukan ruɗe.

Yaro ɗan wata 8 yana zawo, sai kaka ta ce, "Ku bar shi, haƙori ne." Ta duba bakinsa, ga haƙori kuwa yana tsirowa. Amma sai mu lura da wani abu. Haƙoran yaro na fari guda 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata 6, ba sa gamawa sai ya kusa shekara 3. Wato kusan duk ciwon da zai same shi a cikin wannan tsakani, zai tarar da wani haƙori yana fitowa. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. A wannan lokaci ne yaro yake rarrafe yana kai kome baki, a lokacin ne kuma ake fara ba shi kunu da ruwan randa. Ta nan ƙwayoyin cuta suke shiga. Iyayen da suka ɗora laifi a kan haƙori sukan zauna suna jira, ruwan jikin yaro kuwa yana ƙarewa.

Haka ma zazzaɓin damina. Mun sha ji ana cewa sabuwar masara ce take kawo shi, gama da an fara gasa masara sai yara su fara kwanciya. Turawa ma sun daɗe suna irin wannan kuskure. Sun ga masu zama kusa da fadama suna yawan zazzaɓi, sai suka ce warin fadama ne, har sunan da suka ba ciwon ma'anarsa mugunyar iska ce a harshen Italiya. Sai a 1880 wani likitan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin marasa lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya. Ashe masara da zazzaɓi uwarsu ɗaya, wato ruwan sama. Shi ya nunar da masara, shi kuma ya cika kududdufai inda sauro yake ƙyanƙyasa. Wanda ya hana yaransa masara ya bar su suna kwana ba gidan sauro, ya yi musu hasara biyu.

Mafi muni shi ne sa'ad da wannan kuskure ya fāɗa a kan mutum. Tsohuwa ta shafa kan yaro da yamma, da dare jikinsa ya yi zafi, kafin mako ya zagayo ana nuna ta da baki ana cewa mayya ce. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga yara nawa ta shafa wa kai cikin shekara 60 suka tashi lafiya. Tambayoyin da suke warkar da wannan ciwo biyu ne: Waɗanda ba su yi abin ba, me ya same su? Akwai wani abu na uku da ya kawo duka biyun?

Kuɗin Goro

Wani ɗan kasuwa ya cuce mu, sai mu dawo gida mu ce, "Haka mutanen ƙabilar nan suke." Daga mutum ɗaya mun yanke wa miliyoyi hukunci. In an tambaye mu mutum nawa na wannan ƙabila muka yi ciniki da su lafiya, ba za mu iya tunawa ba, gama zuciya ba ta riƙe cinikin da ya tafi daidai. Wanda ya yi mana ciwo shi take riƙewa. An hana aure da yawa a kan wannan, an kuma raba maƙwabtan da suka yi shekaru suna aron turmi a wurin juna. Mu da muke zaune a garuruwan da suka ga tashin hankali mun san inda irin wannan magana takan kai. Mun kuma san zafinta sa'ad da aka yi mana kuɗin goro saboda laifin wani namu guda.

Ƙanen wannan kuskure shi ne auna mutum da alama ɗaya. Masu karatu za su tuna da abin da ya faru a tsibirin Malta cikin sura ta 28 ta Ayyukan Manzanni. Maciji ya maƙale a hannun Bulus sa'ad da yake sa itace a wuta, mutanen tsibirin suka yanke cewa lalle mai kisankai ne. Da suka jira ba su ga ya kumbura ba, sai suka juya suka ce allah ne. Cikin ɗan lokaci kaɗan sun yi hukunci biyu, duka biyun kuskure, domin kowanne a kan alama guda aka gina shi.

Muryar da Ba Mu Ji Ba

A 2016 wani shiri mai suna MMM ya game Nijeriya. An yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, amma me mutane suka ce? "Ai maƙwabcina ya sa, an kuwa biya shi. Na ga kuɗin da idona." Gaskiya ne an biya shi. Da kuɗin waɗanda suka shiga bayansa aka biya shi. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane, ana dab da Kirsimati, kuɗin makaranta da jarin mata da yawa suka tafi ke nan. Mutumin da ya kafa shirin, Sergei Mavrodi, ya riga ya yi irinsa a Rasha, ya rushe a 1994, har daga baya aka ɗaure shi a kansa.

Da an ɗauki alli an yi lissafi, da an gane. Naira 10,000 da take ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta zama wajen Naira 233,000 cikin shekara guda. Wace gona ce, ko wane kiwo, yake ba da haka? Amma ba a yi lissafi ba, gama shaidar waɗanda suka ci ta cika kunne. Wanda ya ci riba yakan hau kan tebur ya yi shela. Wanda ya yi hasara yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa don kunya.

Haka yake ga mai tallar magani a tasha. Zai kawo mutum uku da suka sha suka warke. Waɗanda suka sha ba su warke ba, ba ya zuwa da su, waɗansunsu ma ba sa duniya. Ban da haka, ciwo da yawa, kamar mura, yakan tafi da kansa ko an sha magani ko ba a sha ba. In muka tambaye shi yadda za mu tabbata, sai ya ce shi bai taɓa ƙarya ba. Wa ya shaida haka? Shi da kansa. Wannan kamar mutum ne ya ɗaura akuya a wuyanta, ba turke. Duk sa'ad da aka jera mana masu shaida, sai mu tambaya: Ina sauran?

"Kowa Ya Sani" da "Babba Ya Faɗa"

A daren gishiri ba wanda ya kawo dalili. Abin da aka kawo shi ne, "Kowa yana yi," da kuma, "Wani babba ne ya ce." Mutum goma sun kira mu, sai muka ɗauka shaidu goma ne. Ashe magana ɗaya ce ta zagaya ta shigo ta ƙofa goma. Yawan masu faɗa ba ya ƙara wa magana nauyi in duk daga baki ɗaya suka ji.

Game da manya, kada a ji mu ba daidai ba. Ba wanda zai iya gwada kome da kansa, dole mu dogara ga waɗanda suka sani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma kowane babba da filinsa. Tsohon manomi ya fi likita sanin lokacin shuka, likita ya fi shi sanin awon magani, makaniki kuma ya fi su duka sanin kukan inji. Girman mutum a wuri ɗaya ba ya bin sa zuwa kowane wuri. Ko a filinsa ma yana iya tuntuɓe. Aristotal ɗin nan da muka ambata ya rubuta cewa maza sun fi mata yawan haƙora, alhali babban mutum, mace ko namiji, haƙora 32 gare shi in sun cika. Mai shakka ya ƙirga na mutanen gidansa yau da dare. Tambayar da ta dace ita ce: Shi wanda ya faɗa, ta yaya ya sani?

An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A taron dangi wani saurayi ya tashi ya ce lissafin kuɗin biki bai cika ba, akwai Naira 40,000 da ba a ga inda ta shiga ba. Maimakon a buɗe littafi, sai wani ya ce, "Kai da ko aure ba ka yi ba, me ka sani?" Aka yi dariya, aka wuce. Amma aurensa ko rashinsa bai ƙara ko kwabo a cikin asusun ba. In lissafin ya cika, a nuna. In bai cika ba, ko mahaukaci ne ya faɗa, bai cika ba.

Irin wannan ne kuma sa'ad da uba mai shan taba ya gargaɗi ɗansa, ɗan ya ce a ransa, "Ai kai ma kana sha." Gaskiya ne uban yana da abin gyarawa. Amma hayaƙin ba zai tausaya wa huhun ɗan ba saboda laifin uban.

Akwai labarin da yake koya wa kowane gefe darasi. A babban asibitin Viyana ta ƙasar Ostiriya akwai ɗakunan haihuwa biyu. A wanda likitoci da ɗalibansu suke aiki, wajen mace 10 cikin 100 suke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa. A na ungozoma kuwa, wajen 4. Wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, ya yi ta gwada ɗakunan biyu yana neman bambancinsu, har ya lura cewa likitoci sukan fito daga ɗakin fiɗar gawa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. A 1847 ya sa kowa ya riƙa wanke hannu da ruwan kulorin. Cikin 'yan watanni mutuwar ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Duk da haka manyan likitoci da yawa suka ƙi karɓa, gama da wuya mutum ya yarda cewa hannunsa ne yake ɗauke da mutuwa. Shi kuma da ransa ya ɓaci, sai ya shiga rubuta musu wasiƙu yana kiransu masu kisankai, suka ƙara toshe kunne. Ya mutu a 1865, ba a karɓi maganarsa sosai ba sai bayan ransa. Su sun dubi mutum sun bar lissafi. Shi kuma yana da gaskiya a hannu, amma zagi ya rage mata ƙarfi. Mata masu haihuwa ne suka biya kuɗin wannan gardama.

Maganar da Ba a Faɗa Ba

Uwargida ta ce, "Maigida, ko za mu rage abin da muke aikawa gida wannan wata, har mu biya kuɗin makarantar yara?" Maigida ya ce, "Wato so kike in yar da iyayena!" Daga nan faɗa ya tashi a kan yar da iyaye, abin da ba wanda ya ambata. Ita ragewa ta ce, na wata ɗaya. Ya sa mata magana a baki domin wadda ya ƙaga ta fi sauƙin kayarwa. Mata ma sukan yi wa maza haka, 'ya'ya kuma su yi wa iyaye. Maganinsa mai sauƙi ne, ko da yake yana da ɗaci: kafin mu amsa, mu maimaita abin da mutum ya faɗa da bakinmu, har ya ce, "I, haka nake nufi." A ajinmu mun mai da wannan doka a lokacin muhawara, mun kuwa ga rabin gardama takan mutu tun a nan.

Hanya Biyu Kaɗai?

"Ko dai a aurar da yarinyar nan bana, ko ta lalace." Wanda ya faɗi haka ya rufe ƙofofi da yawa ya bar biyu, ɗaya kuwa ya zuba mata ƙaya don a bi wadda yake so. Ashe ba ta iya ci gaba da karatu tana gaban iyayenta? Ba ta iya koyon ɗinki ko aikin jinya? Haka ma, "Ko boko ko noma," sai ka ce ba mu san malamai da ma'aikata masu cika rumbu kowace kaka ba. Akwai al'amuran da hanyarsu biyu ce tak, amma ba su da yawa. In aka matsa mana mu zaɓa tsakanin biyu, musamman in ana gaggauta mu, sai mu ce a dakata mu nemi ta uku.

"Wannan Karon Dole Namiji Ne"

Gida ya sami 'ya'ya mata huɗu a jere. Dangi suka ce na biyar dole namiji ne, waɗansu kuma suka ce matar ce ba ta haihuwar maza. Duka biyun kuskure ne. Kowane ciki sabon al'amari ne, bai san abin da ya riga shi ba, kamar yadda kwabon da aka wurga sama bai san gefen da ya faɗi ɗazu ba. Kusan rabi da rabi ne kowane karo. Bisa ga lissafi, cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu, wajen gida ɗaya zai sami mata zalla, wajen ɗaya kuma maza zalla, ba tare da wani dalili na musamman ba. Game da ɗora wa mace laifi kuwa, masana sun nuna cewa ƙwan mace iri ɗaya yake ɗauke da shi kullum, wanda suke kira X. Irin namiji ne yake zuwa da X ko Y, shi ne kuma yake sa a sami mace ko namiji. Shi ma mijin ba shi da iko a kan wanda zai riga isa. Mata nawa ne suka sha gori, waɗansu har aka kore su, a kan abin da ba ya hannun kowa?

Yadda Za Mu Yi da Wannan Sani

Akwai gargaɗi uku da za mu bayar, gama wuƙa mai kaifi tana iya yanka mai ita.

Na fari, raunin hujja bai nuna cewa maganar ƙarya ce ba. Kaka tana iya cewa a rufe abinci da dare don kada iskoki su sa hannu. Dalilin bai tsaya ba, amma rufe abinci daidai ne, saboda ƙuda da ɓera da kyankyaso. Kada mu zubar da shawara mai kyau domin an ɗaure ta da igiya marar ƙarfi. Mu nemo mata igiyar kirki.

Na biyu, ba mu rubuta wannan domin yara su sami sandar dukan iyayensu ba. Tambaya tana da ladabinta. Akwai bambanci tsakanin, "Baba, wannan ba hujja ba ce," da, "Baba, a gafarce ni, ina so in gane sosai. Waɗanda ba su yi ba, me ya same su?" Ta fari takan rufe kunne, ta biyu takan sa dattijo ya yi shiru ya yi tunani. Iyaye kuma, muna roƙonku, kada ku tsawata wa yaro domin ya tambayi dalili cikin ladabi. Yaron da aka hana shi tambaya a gida ba zai iya tambayar ɗan damfara a waje ba.

Na uku, wanda ya fi duka wuya, mu fara da kanmu. Laifi tudu ne, mukan taka namu mu hango na wani. Da sauƙi mukan gane ruɓaɓɓiyar igiya a hujjar abokin gardama, amma in maganar ta yi mana daɗi, ko ta goyi bayan mutanenmu, ko ta yi mana alkawarin kuɗi, sai mu karɓe ta ba bincike. Tsoro ma haka yake yi. Ba rashin ilimi ne ya sa masu takardun shaida suka dafa ruwan gishiri ba. Tsoro ne, da ƙaunar 'ya'yansu, da gaggawar da aka sa musu cewa sai kafin asuba. Saboda haka duk maganar da ta zo tana cewa, "Yi yanzu, kada ka tsaya tambaya," ita ce ta fi bukatar a tsaya a tambaya. Mutumin da ya iya cewa, "Na yi kuskure, ka fi ni gaskiya," a gaban matarsa da 'ya'yansa, ya koya musu abin da ba za mu iya koyarwa a aji ba.

Ga shawararmu ga kowane gida a wannan wata. Bayan cin abincin dare, a ɗauki magana ɗaya da aka ji a ranar, ko a rediyo, ko a waya, ko a bakin rijiya. A tambaya: Wa ya faɗa, ta yaya kuma ya sani? Mutum nawa aka duba? Ina waɗanda ba mu ji daga bakinsu ba? Akwai wani dalili dabam da zai iya kawo abin? A bar ƙananan yara ma su sa baki. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin mu rufe, bari mu koma ga gishiri, gama bai kamata mu bar shi da baƙin suna ba. Yaron nan mai zawo da aka ce haƙori ne, gishiri yana cikin abin da zai cece shi. A lita 1 ta tsabtataccen ruwa a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ko kuwa a karɓo haɗaɗɗen garin a ɗakin shan magani, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ana shirin kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Gishirin ɗaya ne da na daren Agusta. Bambancin shi ne, wannan an auna shi, an gwada shi a kan masu ciwo da yawa a ƙasashe dabam dabam, an ƙirga waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, kafin aka ce "don haka". Allah ya ba mu haƙurin yin haka a gidajenmu.